Daga Aji Zuwa Gaban Alƙali: Rayuwar Masanin Halayyar Ɗan Adam a Zamfara

Ni masanin halayyar ɗan Adam ne, na ɓangaren asibiti da na kotu, kuma yawancin waɗanda ke zama gabana 'yan Zamfara ne da maƙwabtanmu na Kebbi. Shaida zan bayar a kan yadda rayuwar mai wannan aiki take tafiya, tun daga cike fom ɗin JAMB har ranar da zai tsaya gaban alƙali ya rantse. Ina so ƙannenmu masu sha'awar shiga su san abin da ke gabansu, iyaye kuma su san hannun wa suke miƙa ɗansu idan an ce a kai shi a duba hankalinsa.

A fara raba aiki. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne. Ya yi shekara 6 a makarantar likitanci, ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa, shi ke rubuta magani, shi ke ba da gado. Mu ba ma rubuta ko ƙwaya ɗaya. Namu shi ne mu auna tunani da hali da basira da gwaje-gwajen da aka tsara, mu yi wa mutum magani ta hanyar zama da tattaunawa mai tsari, sannan mu rubuta rahoto. Duk wanda ya ce maka shi masanin halayya ne, ya kuma ɗauko biro zai rubuta maka allura, tashi ka ba shi wuri.

Digirin farko shekara 4 ne. Ana neman kiredit 5 da suka haɗa da Ingilishi da lissafi, jami'o'i da yawa kuma suna son bayoloji, don haka a duba ƙasidar JAMB ta shekarar kafin a cike komai. Sashen saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, na farko a ƙasar nan a Jami'ar Nsukka aka buɗe shi a 1964, kuma har yau tsofaffin sassan suna Kudu ne da tsakiyar ƙasa: Ibadan, Legas, Ife, Jos. Ɗan Gusau ko Argungu da ke son abin da gaske ya shirya barin gida. Abin da ke kayar da ɗalibai a wannan mataki lissafin ƙididdiga ne. Yaro zai shigo yana zaton za a koya masa karanta zuciyar mutane, sai ya tarar da darasin yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke aiki, da yadda ake tsara bincike, da yadda ake sanin ko ma'auni yana auna abin da aka ce yana aunawa. Wanda ya haddace wannan don cin jarrabawa kawai zai biya bashinsa daga baya, domin tambayar da lauya zai fara yi masa a kotu ke nan: wannan gwaji naka, a kan su wa aka gwada shi?

Digirin farko bai ba kowa izinin ganin majinyaci ba. Wannan magana ina so a riƙe ta da kyau, saboda a wuraren da ma'aikata suka yi ƙaranci, ana ɗaukar mai digiri ɗaya a ajiye shi a ɗaki a ce shi ne mai ba da shawara, shi kuma ya ji kunyar cewa bai isa ba. Bayan shekarar hidimar ƙasa sai digiri na biyu a saikolojin asibiti, wata 18 zuwa shekara 2, sannan horon sanin makamar aiki na wata 12 a asibitin da ke da manya masu duba aiki. Idan ka haɗa, shekara 7 da rabi zuwa 8 ce mafi ƙaranci, in babu yajin aiki. Na 2022 kaɗai ya cinye wata 8. Mai son koyarwa a jami'a ko shugabantar sashe zai ƙara shekara 3 ko fiye don digirin digirgir.

Horon asibiti a nan ake zama ma'aikaci. Mafi kusa da mu shi ne Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Sakkwato, sai na Barnawa a Kaduna, sai na Maiduguri, a Kudu kuma akwai Yaba da Aro ta Abeokuta. A Aro ɗin ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a 1954, inda majinyata ke zama a ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana. Darasin da ya bari har yau shi ne namu: majinyaci a ƙasar nan ba ya zuwa shi kaɗai, kuma ba ya warkewa shi kaɗai.

A watannin farko ɗalibi ba ya magana, zama yake yi a gefe yana kallon babba yana aiki. Daga nan a ba shi majinyaci ya ɗauki tarihinsa, babba na saurare. Kowane mako yana zama da mai duba aikinsa aƙalla awa ɗaya, su bi fayil-fayil, a tambaye shi dalilin kowace tambaya da ya yi da wadda ya tsallake. Kurakuran sababbi kusan iri ɗaya ne. Suna gaggawar ba da shawara kafin su gama saurare. Suna tsoron shiru, sai su cike shi da surutu, alhali bayan shirun nan ne mutum ke faɗin abin da ya kawo shi. Suna jin nauyin tambayar mutum kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa, suna zaton tambayar za ta saka masa tunanin. Ba ta sakawa. Ana tambaya a fili, cikin natsuwa, a ji ko akwai shiri, ko akwai abin da ya tanada, fiya-fiya ko igiya, a sa dangi su kawar da shi a ranar. Mutanenmu suna ɓoye wannan ƙwarai, saboda addini ya haramta, Penal Code, dokar laifuka ta Arewa, kuma ta mai da yunƙurin laifi, don haka sai ka nuna wa mutum ba hukunci ka zo yi masa ba kafin ya buɗe baki.

Zaman farko da majinyaci yana cin minti 60 zuwa 90. A wajenmu da wuya a kawo mutum kai tsaye. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, wani an kai shi gidan mari, za ka ga tabon sarƙa a idon sawunsa. Idan uba ya ce, "Likita, iska ce ta taɓa shi," ba a musu da shi. Ana cewa, "To Baba, Allah ya sawwaƙe. Yaushe ta fara, kuma me kuka gani da idonku?" Daga nan sai bayani ya fito: kwana nawa bai yi barci ba, ko ya yi zazzaɓi kafin abin, ko yana faɗuwa yana kumfa, ko yana magana da wanda ba a gani, ko akwai mai irin wannan a dangi, ko matar ta haihu ne cikin makonnin nan. Addu'a ba ta hana magani, kuma dangin da ka raina imaninsu ba za su dawo ba. Abin da muke hanawa shi ne duka, da ɗauri, da hana abinci, da dakatar da maganin asibiti.

Kafin a ce ciwon tunani ne, sai an kawar da ciwon jiki. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, sanƙarau, taifot, farfaɗiya, buguwar kai, duk suna iya sa mutum sambatu. Alamar da ke raba su ita ce ruɗewa: wanda bai san inda yake ba, hankalinsa na zuwa yana tafiya cikin yini ɗaya, ga zafin jiki, wannan na likita ne nan take, ba na zaman tattaunawa ba. Sai kuma lokaci. Ciwon damuwa mai tsanani sai alamunsa sun kai mako 2. Ciwon firgici da ke biyo bayan bala'i sai ya wuce wata guda. Sikizofiriniya, wato taɓin hankalin da ke sa mutum jin muryoyi ko yarda da abin da babu shi, littafin tantance cututtuka na DSM-5 na Amurka yana neman wata 6, ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya kuma wata 1. Ɗalibi ya san da wanne yake aiki, ya kuma rubuta shi a rahoto.

Yanzu ga inda aikin Zamfara ya bambanta da abin da ke cikin littafi. Kusan dukan ma'aunanmu da Turanci aka rubuta su, a kan 'yan boko na wasu ƙasashe aka gwada su. Gwajin auna hali na MMPI-2 tambaya 567 ne, mutum zai karanta ya ce gaskiya ko ƙarya. Ba za ka ɗora wannan gaban manomin da karatunsa na allo ne ba, kuma idan ka karanta masa kana fassarawa da ka, ba MMPI ka yi ba, wani abu ka yi daban da ba shi da ma'auni. Ɗauki ƙaramin gwajin mantuwa mai maki 30 da ake yi wa tsofaffi. Yana tambayar kwanan wata da shekara, yana cewa a cire 7 daga 100 a yi ta cirewa, a rubuta jimla, a kwafi zane. Dattijo lafiyayye daga ƙauyen Maradun zai faɗi wannan warwas, a rubuta masa ciwon mantuwa bisa zalunci. Abin da ake yi, a tambaye shi wane wata ake ciki na Musulunci, saura nawa azumi ko layya, yau kasuwar wane gari ke ci, sallar me aka yi ta ƙarshe, wane ne hakiminsu. Lissafi kuma a mai da shi ciniki: "Baba, ka sayi goro na ɗari uku da hamsin ka ba da dubu, nawa ne canjinka?" Wanda ya rasa waɗannan, ga kuma 'ya'yansa sun shaida cewa bara yana iyawa, to akwai magana. Sai dai dole ka rubuta a rahoto cewa ka sauya tambayoyin, makin da ka samu ba za a gwada shi da na littafi ba.

Ko gwajin basira na Raven, mai zane 60 da babu rubutu a ciki, yana fifita wanda ya saba riƙe takarda da fensir. Shi ya sa ba ma yanke wa mutum hukuncin raunin basira da maki kaɗai. Ƙa'ida ita ce makin basira, wato IQ, wajen 70 ko ƙasa, tare da gazawa a harkar yau da kullum, kuma abin ya faro tun yarinta. Don haka ana tambaya: yana iya zuwa kasuwa ya dawo da canji daidai? Ana ba shi kiwo shi kaɗai? Ya sauke izu nawa, a shekara nawa, idan aka gwada da sa'o'insa? Gajerun ma'aunai irin PHQ-9 na auna ciwon damuwa, mai tambaya 9 da maki daga 0 zuwa 27, sun fi sauƙin mayarwa Hausa, amma ita ma fassarar tana da hanya: mutum ɗaya ya mayar Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar Turanci, a gwada, sannan a jarraba da mutanen gari. Ga shi kuma mai ciwon damuwa a wajenmu ba ya cewa ransa a ɓace yake. Cewa yake kansa na zafi, wani abu na yawo a jikinsa, ƙirjinsa ya yi nauyi, zuciyarsa na faɗuwa. Wanda bai san wannan ba zai yi ta tura shi gwajin taifot.

Akwai tambayoyi biyu da ban yarda a tsallake su ba a jihar nan. Ta farko, a ina aka haife shi, kuma ana niƙa dutsen zinariya a gidansu? A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waɗanda suka rayu yanzu samari ne da 'yan mata, kuma dalma tana rage basira, tana raunana natsuwa da kame kai, illar ba ta komawa. Saurayin da aka kawo daga Bagega ko Dareta ana cewa ba ya jin magana, tarihin nan na iya zama rabin bayaninsa. Ta biyu, me yake sha? Tiramadol, kodin, wiwi, sholisho, ƙwayoyin barci. An hana maganin tari mai kodin a 2018, amma bai ɓace ba. Ba a tambayar "kana sha?" domin amsar a'a ce. Ana tambayar guda nawa a rana, mai miligiram nawa, yaushe ne na ƙarshe, kuma ba a gaban uba ba. Tiramadol mai yawa yana kawo jijjiga kamar ta farfaɗiya, kuma haukan da ƙwaya ta jawo yakan lafa cikin kwanaki ko makonni idan an daina, abin da ke da nauyi ƙwarai idan magana ta kai kotu.

Sai bala'in da ya mamaye mu. Duniya ta ji labarin ɗalibai mata 279 da aka sace a Jangebe a Fabrairun 2021, da na Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin shekarar. Waɗanda ba a ji labarinsu ba sun fi yawa: matar da aka biya kuɗin fansarta ta dawo ba ta magana, yaron da ƙarar babur ke sa shi fitsari a wando, magidancin da ya bar gonarsa yana kwana a tasha. A kwanakin farko ba a tilasta wa mutum ya ba da labari. An daina wannan, domin an gano zaman dole na a amayar da komai ba ya hana ciwon, wani lokaci ma ƙara shi yake. Abin da ake yi shi ne a tabbatar yana wurin da ya amince da shi, a duba rauni da ciki da cututtuka, ya ci, ya yi barci, a haɗa shi da nasa. Ba a ɗora shi kan diyazifam don a kwantar masa da hankali. Yawancin mutane suna farfaɗowa da kansu cikin makonni. Wanda bayan wata guda yake ta mafarkin abin, yana guje wa duk abin da ke tuna masa, yana zabura, shi ake sa wa zama na musamman, 8 zuwa 12, mako-mako, a koya masa sarrafa numfashi, sannan a bi labarin da shi a hankali har tunawar ta daina kayar da shi. Inda babu ƙwararre, akwai tsarin PM+ na Hukumar Lafiya ta Duniya, zama 5 na minti 90, wanda ake koya wa ma'aikatan lafiya na gari. Horar da irin waɗannan ya zama babban ɓangare na aikinmu, domin mu kaɗai ba za mu kai ko'ina ba.

Ɓangaren kotu ana shigarsa ne bayan ƙafa ta tsaya a asibiti. Wasu suna ƙara digiri a fannin, wasu suna koyo a ƙarƙashin babban da ya daɗe yana rubuta wa kotu rahoto. Ko ta wace hanya, abu na farko da za ka sauya shi ne matsayinka. A asibiti kai na majinyaci ne, sirrinsa amana ne. A aikin kotu kai na kotu ne, ko da wane ɓangare ya nemo ka. Saboda haka kafin tambaya ta farko sai ka ce masa, "Malam, alƙali ne ya turo ka wajena. Ba magani zan yi maka ba. Duk abin da ka faɗa mini zai iya shiga takardar da za a karanta a kotu, kuma kana da damar ƙin amsawa." Sai ka sa ya maimaita da bakinsa, ka rubuta yadda ya faɗa. Kuma ba ka zama mai yi wa mutum magani sannan ka zama mai auna shi don kotu. Ɗayan zai ɓata ɗayan.

Tambayoyin da kotu ke yi guda biyu ne, kuma sababbi suna cakuɗa su. Ta farko ta yau ce: yana da hankalin da zai bi shari'arsa? Ya san laifin da ake tuhumarsa da shi, ya san bambancin amsawa da musantawa, ya san aikin alƙali da mai gabatar da ƙara, zai iya yi wa lauyansa bayani? In ba zai iya ba, ana dakatar da shari'a a yi masa magani. Ta biyu ta ranar da abin ya faru ce, wata 8 ko shekara 2 da suka wuce. Sashe na 51 na Penal Code ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ya ce babu laifi a kan wanda a lokacin aikatawa taɓin hankali ya hana shi sanin haƙiƙanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa doka. Tushen wannan shari'ar M'Naghten ce da aka yi a Ingila a 1843. A lura, sani kawai sashen ya ambata. Dokar laifuka ta Kudu, a sashe na 28, ta ƙara da wanda ya kasa kame kansa, tamu ba ta ƙara ba. Doka tana ɗaukar kowa mai hankali ne, wanda ya ce ba shi da shi a kansa nauyin hujja yake. Maye da mutum ya jawo wa kansa kuma ba ya wanke shi.

A kotunan Shari'ar Musulunci, waɗanda suka fara hukunta laifuka a Zamfara a shekarar 2000, tushen shi ne hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke. Malaman fiƙihu sun raba hauka mai ɗorewa da mai zuwa yana tafiya, kuma wanda ya yi laifi a lokacin da ya farfaɗo ana kama shi da shi. Alƙali zai tambaye ka daidai wannan, kuma ba a laifi kaɗai ba. Saki da aka yi cikin ciwo, wasiyyar tsohon da ya fara ruɗewa, riƙon 'ya'ya, hana mutum taɓa dukiyarsa, duk suna zuwa.

Samun ciwo daban, rashin sanin abin da aka aikata daban. Mai sikizofiriniya na iya satar akuya yana sane sarai. Don haka ba a dogara da hira da shi kaɗai. Ana karanta bayanin da ya yi wa 'yan sanda da na shaidu, a nemo katin asibitinsa na da in akwai, a zauna da uwa, da mata, da mai unguwa, da malamin da ya yi masa ruƙiyya, kowa daban, a tambayi ma'aikatan gidan gyaran hali yadda yake kwana da yadda yake ci. Ana duba abin da ya yi kafin da bayan: ya tanadi makami? Ya jira dare? Ya ɓoye, ya gudu, ya wanke riga? Ko kuwa ya zauna a wurin yana cewa umarni aka ba shi? Ana ganinsa aƙalla sau 2 ko 3 a ranaku daban-daban, tare da likitan ƙwaƙwalwa, wanda kotu ke nema a batun ciwo da magani.

Masu haukan ƙarya suna nan, kuma yawanci wuce gona da iri ke tona su. Ka tambaye shi ƙafar akuya nawa ya ce biyar. Ya ce bai san sunan uwarsa ba. Duk alamar da ka ambata ya ce yana da ita, har wadda babu ita a kowane ciwo. Mai ciwon gaske sau da yawa ɓoyewa yake, yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Akwai gwajin TOMM: a nuna wa mutum hoto 50, sannan a riƙa nuna masa biyu-biyu ya zaɓi wanda ya gani. Ko mai raunin ƙwaƙwalwa yakan ci 45 ko fiye a zagaye na biyu. Wanda ya rufe ido yana canki zai samu wajen 25. To wanda ya samu 10 fa? Ya san amsar, kauce mata yake yi. Amma abin da ya fi kowane gwaji shi ne idon ma'aikatan jinya dare da rana, domin ba mai iya riƙe wasan kwaikwayo na mako 3, kuma rashin barci na kwana da kwanaki ba ya kwaikwayuwa. Duk da haka a yi hattara. Mutum na iya ƙara gishiri saboda tsoron rataya alhali yana da ciwo na gaske, kuma kama shi da ƙarya a gwaji bai nuna shi ya yi kisan ba. Wannan ba tambayarka ba ce ma.

Yaran da aka yi wa fyaɗe ko suka ga kisa suna da tasu ƙa'idar. Hira ɗaya mai kyau, a naɗe ta, ta fi biyar. Ana fara gaya wa yarinya cewa in ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba, in an yi kuskure ta gyara. Sannan, "Faɗa mini duk abin da ya faru, daga farko." Ba a cewa, "Kawu ne ya taɓa ki, ko?" Ba a maimaita tambayar da ta riga ta amsa, domin yaron Bahaushe an tarbiyyantar da shi kada ya musa wa babba, zai ɗauka amsar farko ba ta yi ba ya sauya. Ba a yi mata alkawarin alawa. Shari'o'i da yawa suna lalacewa ne tun kafin su zo wajenmu, bayan uwa da maƙwabta da ɗan sanda kowa ya saka wa yarinya kalmominsa a baki. Haka masu raunin basira suke amsa laifin da ba su yi ba, don kawai a daina tambayarsu.

Rahoto yana faɗin wanda ya nema da tambayar da ya yi, takardun da ka karanta, mutanen da ka gana da su da ranaku, harshen da aka yi hira da shi da ko an sa tafinta. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci idan wanda ake tuhuma Bafulatani ne ko Badakkare daga Zuru da Hausarsa ba ta nuna ba, kuma ɗan'uwansa ba ya zama tafinta. Ana raba abin da aka gaya maka, da abin da ka gani, da ra'ayinka. Ana faɗin iyakar kowane gwaji. Ba a rubuta "ba shi da laifi", wannan na alƙali ne. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararre, amma ba ta tilasta mata bin sa ba. A ranar shaida, lauya zai titsiye ka: "Kana wurin ranar? To ta yaya ka san abin da ke kansa?" Amsar ita ce ba ka wurin, ga abubuwan da ka dogara da su, ɗaya bayan ɗaya. Kana kallon alƙali kake amsawa, "ya mai shari'a" a babbar kotu, "Allah ya gafarta Malam" a kotun Musulunci, da gajerun jimloli, ba tare da fushi ba. Za a zo maka ta bayan gida, dangin wannan ko na wancan, da roƙo ko da ambulan. Ana sanar da shugaban sashe a rubuce a ranar, kuma ba a ganin dangi a gida ko a waya.

Iyalai da yawa suna zaton in kotu ta yarda da taɓin hankali za a sallami ɗansu su tafi gida. Ba haka ba ne. Ana tsare shi a wurin da aka aminta da shi har sai hukuma ta ba da umarni, kuma wannan na iya wuce shekarun da zai yi da an ɗaure shi. Dole a gaya wa dangi da lauya wannan tun farko. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin a nemi yardarsa da kada a wulaƙanta shi, sai dai aiwatarwa a jihohi na buƙatar gadaje da ma'aikata da kuɗi. Idan aka zo batun sakin irin wannan mutum, mu ake tambaya ko zai sake. Muna amfani da HCR-20, ma'aunin haɗarin sake cutar da wani, mai abu 20: 10 na tarihinsa, 5 na halin da yake ciki, 5 na inda zai koma. Waɗannan 5 na ƙarshe su ne masu wuya a nan. Wa zai karɓe shi, wa zai sayi maganinsa kowane wata, akwai hanyar zuwa asibiti daga ƙauyensu ko 'yan bindiga sun tare ta, kuma dangin wanda aka kashe suna unguwar?

Guraben aiki suna asibitocin tarayya da na jiha, hukumar gidajen gyaran hali, NDLEA, rundunar soja da 'yan sanda, jami'o'i, da ƙungiyoyin agaji da ke aiki da 'yan gudun hijira. Albashin gwamnati bai kai na likita ba, na ƙungiyoyi ya fi amma kwantiragi ne. Muna matuƙar buƙatar mata, domin akwai abin da matar aure a Gummi ko Bunza ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. Mai shiga ya yi rajista da ƙungiyar masana saikolojin asibiti ta ƙasa, kuma ko ya shekara 20 yana aiki ya riƙe wani babba da zai riƙa kai wa fayilolinsa masu nauyi. Sauraron labarin daji da fyaɗe kullum yana taɓa mai saurare: barci ya lalace, fushi ya yi kusa, tausayi ya dushe. Idan ma'aikaci ya ga haka a kansa, yana rage yawan masu irin wannan ciwo da yake gani a rana, ya ɗauki hutu, shi ma ya zauna gaban abokin aiki a saurare shi.